Layin Da Ba A Gani A Ƙofar Rauda

A cikin Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a birnin Madina, akwai wani fili tsakanin ɗakinsa da mumbarinsa wanda a ke kira Rauda. Tsawonsa bai wuce kamar mita 22 ba, fāɗinsa kuwa kamar mita 15, watau filin da bai fi tsakar gidan wani attajirin Kano ba. Amma kusan duk wanda ya taka ƙasar Madina yana da burin ya yi salla a cikinsa, ko da raka'a biyu ce. A shekarar 2023 mutanen da suka yi aikin Hajji sun haura 1,800,000, kujerun da aka ware wa Nijeriya kaɗai 95,000 ne, ban da masu Umra da ke zuwa duk tsawon shekara.

A dā mutum ya kan je ya tsaya a ƙofa, ya jira, ya kutsa in an buɗe. Da annobar korona ta zo a 2020 aka rufe ziyara wata da watanni, sa'an nan da aka sake buɗe Rauda a watan Oktoba na shekarar, sai Ma'aikatar Hajji da Umra ta Saudiyya ta ce sai da izini, izinin kuma a wayar hannu a ke nemansa, ta wata manhaja mai suna Eatmarna. A 2022 aikinta ya koma cikin wata sabuwa, Nusuk. Da haka aka ɗauke babban rabo na layin daga ƙofar masallaci aka kai shi cikin kwamfuta. Layi bai mutu ba, ɓoye shi aka yi. Jawabin kimiyya na wannan mako ya shafi wannan ɓoyayyen layi ne, da abubuwa biyu da su kan tsai da shi a kowane tsari irin wannan a duniya, ko na izinin ziyara ne, ko na tikitin jirgi, ko na banki.

A ƙaddara wata Hajiya ce daga Katsina, kwanakinta a Madina ƙalilan ne kafin motarsu ta ɗaga zuwa Makka. Ta zauna a masauki, jikanta ya taɓa mata waya ya zaɓi lokaci bayan sallar Isha'i. Saƙon nan ba ya tafiya kai tsaye inda a ke ajiye lissafi. Yana fara isa ga wata kwamfuta wadda aikinta karɓar buƙatun mutane, a duba ko daidai su ke, a ba da amsa. Ana iya kiranta na'urar hidima, matsayinta kamar na akawu ne a bakin taga. A bayanta akwai wata, ita ce rumbun bayanai, watau babban littafin da aka rubuta sunan kowa da yawan gurbin da ya saura a kowace sa'a. Akawu na iya zama goma ko ɗari, amma littafin ɗaya ne, domin in aka yi biyu to gaskiya ta rabu biyu.

Nan ne wahalar farko ta ke. A ce gurbi ɗaya tak ya rage, akawu biyu suka leƙa littafi a lokaci guda, kowa ya ga ɗaya, kowa ya rubuta sunan nasa mutumin. Ga mutum biyu, ga gurbi ɗaya. Kamfanonin jiragen sama sun daɗe da sanin wannan ciwo, shi ne ma ya sa kamfanin American Airlines da na IBM suka haɗu suka gina tsarin SABRE, wanda ya kankama a 1964, don kada a sayar wa mutum biyu kujera guda. Maganin da aka samu shi ne kulle. Wanda ya fara isa ya kan sa kwaɗo a kan wannan layi na littafin, ya karanta, ya rage ɗaya, ya rubuta suna, sa'an nan ya buɗe. Na biyu tilas ya jira, in ya shiga sai ya tarar babu saura, a gaya wa mutuminsa gaskiya. A 1976 wasu masana huɗu na IBM a San Jose, cikinsu har da Jim Gray, suka tsara ƙa'idar da yawancin rumbuna suka ginu a kai: mai aiki ya tara dukan kwaɗunan da ya ke bukata, in ya fara sakin ɗaya kada ya sake ɗaukar wani. A wajen aiki galibi ba ya sakin ko ɗaya sai ya gama harkarsa duka, ko ya fasa ta duka. Ba a yarda da rabin harka ba, a ce an rage gurbi amma ba a rubuta sunan kowa ba.

Ma'aikatan jirgin ƙasa za su gane wannan da sauri. A layin dogo mai hanya ɗaya direba ba ya shiga tsakanin tasha biyu sai an miƙa masa sandar wannan yanki, sandar kuwa ɗaya ce, wanda ba ta hannunsa sai ya tsaya. Kwaɗon kwamfuta sandar nan ce. Kulle ba cuta ba ne, shi ne kariya. Cutar tana zuwa ne daga daɗewar kulle.

Wahala ta biyu sai an koma rijiya kafin a gane ta. A arewa maso yamma da masallacin akwai tsohuwar rijiyar Ruma, wadda Sayyidina Usman ɗan Affan ya saya ya bar wa jama'a. Masu tarihi sun ce da fari rabinta ya saya, aka yi rabon kwana, yau nasa gobe na mai ita, mutane kuwa suka riƙa ɗiban na kwana biyu a ranarsa. Rabon abu ɗaya tsakanin masu bukata da yawa tsohon al'amari ne a Madina.

To, rumbun bayanai kamar rijiya ya ke, akawu ba ya kai ga ruwan sai da guga. Gugan nan shi ne layin sadarwa tsakanin na'urar hidima da rumbu. Ƙulla sabon layi yana cin lokaci, sai an gaisa, an duba kalmar sirri, rumbu ya ware masa wuri a ƙwaƙwalwarsa. Saboda haka ba a ƙulla sabo ga kowane mutum. Ana ƙulla 'yan kaɗan tun da fari a rataye su a bakin rijiya, mai bukata ya ara, ya ja ruwa, ya mayar. Mutane su kan yi mamakin ƙanƙantar yawansu. Rumbun PostgreSQL, wanda ya ke cikin waɗanda aka fi aiki da su, in ba a sake masa tsari ba layi 100 kawai ya ke karɓa. HikariCP, wata sananniyar manhaja mai kula da rataye gugan, da 10 ta ke farawa, wanda ya jira sakan 30 bai samu ba ta kan sallame shi da haƙuri.

Yaya guga goma za su ishi dubban mutane? Amsar tana wajen lissafi. Tun 1909 wani ɗan ƙasar Denmak, Agner Erlang, ma'aikacin kamfanin tarho na Kopanhagan, ya fara auna yawan layukan da gari ke bukata don kada mai kira ya tarar duk an kama. A 1961 John Little na Amurka ya tabbatar da wata ƙa'ida mai sauƙi: yawan waɗanda ke cikin wuri daidai ya ke da yawan masu shigowa a sakan ɗaya, sau tsawon zaman kowannensu. A gwada da misali. In kowace buƙata ta riƙe guga kashi ɗaya cikin ashirin na sakan, guga ɗaya zai biya wa mutum 20 a sakan, goma su biya wa 200. A cikin awa guda mutum 720,000 ke nan, da guga goma kacal.

Yanzu a sake abu ɗaya. A ce mai rubuta manhaja ya tsara cewa bayan an ari guga an kulle layin littafi, sai a aika wa Hajiya saƙon waya na tabbatarwa, a jira kamfanin waya ya amsa, kana a mayar da guga. Ranar da kamfanin waya ke da sauri ba wanda zai lura. Ranar da ya yi nauyi, amsarsa ta kai sakan 2, sai guga goman nan su koma biya wa mutum 5 kawai a sakan. Mutum 200 na isowa, 5 na fita, 195 na taruwa. Kafin minti guda ya cika an sami 11,700 a layi. Ba abin da ya lalace, ba wayar da ta tsinke, rijiya cike ta ke da ruwa. Wani ne kawai ya tsaya hira da guga a hannu.

Wannan shi ne abin da ke ruɗa sabon injiniya. Ya kan duba na'urori ya ga ba su ko yi zafi ba, ƙarfinsu ko kashi goma cikin ɗari ba a taɓa ba, ga shi kuwa kowa na kuka waya ta tsaya. Sai ya ce a ƙaro guga, goma su zama ɗari biyu. Sau da yawa wannan daɗa ɓata al'amari ya ke yi. Bakin rijiya bai ƙaru ba, igiyoyi ne suka yi yawa suna sarƙewa. Rumbu ya kan ɓata ƙarfinsa wajen juyawa daga wannan zuwa wancan, waɗanda dā ke jira a waje cikin natsuwa yanzu sun shigo ciki suna jira a kan kwaɗo ɗaya, kowannensu kuma riƙe da wasu kwaɗunan da wasu ke nema. Gwanayen aikin sun sha gwadawa sun ga rage guga ya kan sa ruwa ya fi fitowa da sauri.

Akwai kuma ɓatan guga. Buƙata ta ari guga, wani kuskure ya auku a tsakiya, manhaja ta tsallake wurin da aka rubuta a mayar. Guga ya tafi ke nan. In kuskuren sau ɗaya ya ke aukuwa a awa, to tsarin zai yi lafiya lau awa tara, a ta goma ya tsaya cik. A kashe a kunna, ya sake yin awa tara. Duk inda aka ji ma'aikata na cewa na'urarsu sai an tashe ta kowace safiya, a fara neman wannan. Maganinsa a sa mai kula da guga ya riƙa rubuta sunan duk wanda ya ara, ya yi ƙara in ya wuce wa'adi bai mayar ba.

Mafi ban sha'awa cikin cututtukan shi ne wanda Bahaushe ya riga ya yi wa suna, watau cirko-cirko. Jirgin ƙasa mai sauri na Haramain, wanda aka buɗe a 2018, yana haɗa Madina da Makka ta Jidda, tafiyar kilomita 450, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa, kowane jirgi da kujera 417. A ƙaddara dillalai biyu suna saya wa alhazansu tikiti a wani tsari irin nasa. Na farko yana son zuwa Makka da safe da komowa Madina da dare. Na biyu yana son waɗannan jirage biyu su ma, amma ya fara da na dare. Na farko ya kulle lissafin jirgin safe ya miƙa hannu ga na dare, ya tarar a kulle. Na biyu ya kulle na dare ya miƙa hannu ga na safe, ya tarar a kulle. Kowa na riƙe da abin da ɗan'uwansa ke jira, ƙa'ida kuwa ta hana saki sai an gama. In ba wani ya shiga tsakani ba, haka za su zauna har abada.

Edsger Dijkstra, wani masani ɗan ƙasar Holan, ya ba ɗalibansa wannan matsala a 1965, daga baya Tony Hoare na Ingila ya mai da ita labarin masana biyar a teburi guda da cokali biyar, kowa na bukatar biyu kafin ya ci. In duka suka ɗauki na hannu guda a lokaci ɗaya, yunwa za ta kashe su abinci na gabansu. A 1971 Edward Coffman da abokan aikinsa biyu suka nuna sharuɗɗa huɗu ne ke haɗuwa kafin a yi cirko-cirko, in aka karya ɗaya ba za a yi ba. Wanda ya fi sauƙin karyawa shi ne na zagaye, watau wannan na jiran wancan, wancan na jiran wannan. Sai a kafa doka: kowa ya ɗauki kwaɗuna bisa jeri ɗaya, ƙaramar lamba kafin babba, jirgin safe kafin na dare, ko da wane ne mai saye ya fara ambata. Dillali na biyu zai tsaya tun a ƙofar farko hannunsa wofi, na farko ya wuce, shi ke nan.

Rumbunan zamani suna da ɗan sandan kansu. PostgreSQL, in mai aiki ya jira kwaɗo sakan ɗaya, ya kan zana wa ke jiran wa, in ya ga zagaye sai ya fasa harkar ɗaya daga cikinsu don sauran su wuce. MySQL shi ma yana gano zagaye, jira na yau da kullum kuwa ya kan yanke shi bayan sakan 50. Amma akwai cirko-cirkon da ɗan sandan nan ba ya gani, don a wajen rumbu a ke yinsa. A ce kowace buƙata tana ɗaukar guga ɗaya, a tsakiyar aiki ta nemi na biyu ba ta saki na farko ba. Ranar da ba cunkoso ba kome. Ranar da buƙata goma suka zo tare, kowace ta ɗauki ɗaya, guga sun ƙare, kowace na jiran na biyu. Rumbu na ganin layi goma a buɗe suna zaune shiru, ba shi da laifin da zai kama.

Al'amarin Rauda yana da wata siffa da ta ƙara tsananta wannan duka. Mutane ba su rarrabu a kan sa'o'i daidai wa daida ba. In an saki sababbin gurabe, ko a goman ƙarshe na Ramadan, dubbai su kan nufi sa'a ɗaya. In lissafin wannan sa'a layi ɗaya ne a littafi, to kwaɗo ɗaya ne, in kowa ya riƙe shi kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, mutum 100 ne iyaka a sakan, ko da an sayo na'urar hidima dubu. Dabarar da a kan yi ita ce a farfasa lissafin. Maimakon a rubuta gurbi ɗari shida a layi guda, sai a rubuta layi ɗari shida, ko a kasa su kashi ashirin, kowane da kwaɗonsa. Tun 2016 PostgreSQL ya sami umarnin da ke cewa in ka tarar da layi a kulle kada ka jira, tsallake ka ɗauki na gaba, kamar mai neman wuri a sahu. Wata hanyar kuma, wadda H. T. Kung da John Robinson suka bayyana a 1981, ita ce kada a kulle kome tun fari: a karanta, a shirya, sai a lokacin rubutu a duba ko wani ya riga ya sake lissafin, in ya sake a koma a fara. Wannan tana da kyau inda karo bai yi yawa ba. Inda kowa ke rububin abu ɗaya kuwa, aikin banza ta ke tarawa.

Su ma masu waya suna da nasu hannu, ba da saninsu ba. Jikan Hajiya ya ga abu na juyawa bai ba da amsa ba, sai ya sake taɓawa, ya sake, ya sake. Buƙatarsa ta farko tana nan a layi, ga uku sun bi bayanta. Mutum dubu goma su yi haka, layi ya ninka huɗu a daidai lokacin da ya fi bukatar sauƙi. Ba a ga laifinsa ba, tsoro ne ya sa shi, mota gobe za ta tashi. Nauyin yana kan masu tsari. Su ne za su sa manhaja ta gane buƙatar da aka maimaita ta ɗauke ta ɗaya, ta tsawaita jira tsakanin gwaji da gwaji, ta kuma gaya wa mutum lambarsa a layi. Wanda ya san shi ne na ɗari uku ya kan ajiye waya ya jira. Har wa yau gara a ce wa mutum a gwada an jima cikin sakan biyu, da a riƙe shi minti guda sa'an nan a gaya masa haka.

In tsari ya tsaya da tsakar dare, hannun ma'aikaci ya kan yi ƙaiƙayin kashewa da kunnawa. Lalle hakan na buɗe hanya, amma yana share sawun ɓarawo. Gwani ya kan ɗauki minti ɗaya tukuna. Ya sa na'urar hidima ta rubuta inda kowace buƙata ta tsaya, sau biyu ko uku a jere. In ya ga ɗaruruwa sun tsaya wuri ɗaya suna jiran guga, ya san guga sun ƙare, amma wannan alama ce, ba ita ce cutar ba. Sai ya nemi goman da ke riƙe da su, ya ga me su ke yi. Sa'an nan ya juya ga rumbu ya tambaye shi wa ke jiran wa. Jerin ya kan yi kama da itace, ɗari na jiran goma, goma na jiran ɗaya. Wannan ɗayan da ke gindi shi a ke nema, sau da yawa kuwa za a tarar ba ya aikin kome: ya buɗe harka, ya sa kwaɗo, ya tafi jiran banki ko kamfanin waya, ko kuwa wani ma'aikaci ne ya buɗe littafi don ya haɗa rahoto ya tashi shan shayi. A yanke wannan ɗaya, sauran su zube cikin 'yan sakan.

Gyaran dindindin ya kan biyo baya da rana. A fitar da aika saƙo da jiran banki daga cikin kulle, a yi su kafin a ari guga ko bayan an mayar. A sa wa kowane jira wa'adi. A ware wa masu haɗa rahoto nasu kwafin littafi. Kafin Ramadan da kafin watan Zulƙida, lokacin da jiragen alhazai ke fara sauka a filin jirgin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz, masu kula da tsari irin wannan su kan ƙirƙiri taron ƙarya, su sa kwamfutoci su yi kamar mutum dubu ɗari ne suka taɓa waya tare, don a ga wane kwaɗo ne zai fara cushewa tun babu Hajiyar da ke jira.

In duk wannan ya tafi daidai, abin da ya faru tsakanin taɓawar jikanta da amsa bai kai ƙiftawar ido ba. An ari guga, an kulle layi ɗaya, an rubuta sunanta, an buɗe, an mayar. A fuskar wayar sai ga wata alama mai kusurwa huɗu cike da ɗigo-ɗigo baƙi da fari, da sa'ar da aka ba ta a rubuce. Ita za ta nuna wa masu tsaro a harabar masallaci bayan Isha'i, su haska ta da tasu na'ura, su nuna mata inda rukuninta ke zaune suna jiran a kira su.